Takalmin da Barmo Ya Zaɓa

"Wannan ya yi maka yawa," in ji Mushe Ila, malamin lakwal, wato makarantar boko, da ke horar da Barmo.

Takalman gudu masu ƙusoshi Mushe ya kawo daga Damagaram, baƙi da ja. Baƙin ya zauna wa Barmo cif. Jan kuwa lako-lako yake.

"Jan nake so, Mushe."

"Mita dubu da ɗari biyar ne fa. Wanda ya zo na ɗaya a Tanout shi za a kai Yamai."

"Na sani." Ko igiyar bai ɗaure da kyau ba.

Ranar gasar aka busa usur. A zagayen ƙarshe Barmo na gaba, wani soja na dab da shi. Saura taku ashirin sai Barmo ya yi wurgi da takalmin dama, ya bi da na hagu, ya ƙetare layi a rusune. Da ƙyar ya ci.

Mushe ya iso yana haki. "Haukacewa ka yi?"

Barmo ya saci kallon rumfar manya. Baban matarsa ne zaune daidai bakin layi.

"Haba Mushe, in wuce gaban surukina da takalmi?"