Gaisuwar Maƙwabcin Wanzami

Kai da kake haddace ma'anonin kalmomin Turanci, ga wani misali ka riƙe. An yi wani tsohon wanzami, mutum ne mai son girma, wanda yake auna mutuncin kowa da tsawon gaisuwarsa. Sai wani likitan dabbobi daga kudu ya tare a gidan da ke jikin nasa. Kullum da safe baƙon zai wuce ta ƙofar zaure, ya ɗan rusuna ya ce "morning", ya yi gaba. Wanzami ya tambayi wani malamin makaranta da yake yi wa aski me kalmar take nufi, malam ya ce safiya. Nan fa ran tsoho ya ɓaci. "Safiya? Ni makaho ne da sai an gaya mini gari ya waye? Ba ina kwana, ba ina gajiya, ba ya iyali!" Daga ranar ya ɗauke masa wuta. Da babbar sallah ta matso, ya ce wa matarsa ko ƙashi kada a kai gidan nan daga naman layya, alhali a unguwar ba a taɓa tsallake maƙwabci ba, ko wane ne shi. Matar ta yi magiya har ta gaji.

Ran rabon nama da hantsi yana zaure yana wasa aska, sai ya hangi wani dattijo mai sanda zaune a ƙofar likitan, ashe mahaifin likitan ne ya zo ganin ɗansa. Likita ya fito, ya cire hula, ya sunkuya ya ce "morning, Papa", bai ƙara ko harafi ba. Wanzami ya gyara zama yana jiran a sha mari. Ina! Dattijon ya washe baki, ya dafa kan ɗansa yana sa masa albarka. Ashe gaisuwar da mutumin nan yake yi wa uban da ya haife shi ita yake yi masa kullum, shi kuwa yana ta kumbura. Kunya ta rufe wanzami. Ya shiga gida ya zaɓi cinya mai kitse, bai aiki kowa ba, ya saɓa ta da kansa zuwa ƙofar maƙwabcinsa, matarsa na bayansa tana dariya.

Sanin ma'anar kalma daban, sanin inda masu ita suke ajiye ta daban. Hausawa sun ce, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.