Bishiyar Baba Ta Tuɓe

Motar da ta ɗauko surukin matar gidan daga asibiti na tsayawa a ƙofar gida, ganye na ƙarshe ya faɗo.

Matar ta tsaya a baranda tana kallon bishiyar. 'Yar bishiyar fadamar nan da ke cikin tukunya ba ta wuce kamu ɗaya ba, amma tsohon ya shekara talatin yana datse ta, yana lanƙwasa rassanta da waya. Ranar da za a kwantar da shi, amana ɗaya ya bar mata: "Kada farantin ƙarƙashin tukunyar ya rabu da ruwa. Ranar da ta mutu, ku nemo likkafanina."

Ruwa kam ba ta taɓa fashi ba. Amma sanyi na shigowa, ganyen ya yi ja kamar tsatsa, ya zube.

Tsohon ya shigo yana dogara sanda, ya zarce baranda. Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, wallahi ban yi sakaci ba."

Ya sa farce ya kankare ɓawon kaɗan. Kore shar!

"Tashi, 'yata, barci take yi," ya ce yana dariya. "Duk sanyi haka take tuɓewa, marar kunya. Bazara na zuwa za ta yi sabbin kaya."

Ta sauke ajiyar zuciya har da ƙwalla.

Sai ga sallama. Wani baƙo ne a bakin ƙofa, rungume da 'yar bishiya mai ganye luf-luf.

"Ina matar gidan? Ga wadda kika ce a kawo a musanya kafin tsohon ya dawo."