Shari'ar Akuyata

Kakana tsohon alƙali ne, ya yi depite, wato ɗan majalisa, har sojoji suka rufe majalisar ya dawo Agadez. A shekarar fari Baba ya ce a yanka akuyata, tunda babu ciyawa. Na ruga wurin Kaka ina kuka.

Sai ya ciro baƙar rigar shari'arsa mai warin kafur ya saka, ya sa aka kira Baba ya durƙusa.

"Amaryata," ya ce mini, "soja sun rufe majalisa, ba su rufe bakinki ba. Yi magana!"

Na yi ta zuba. Ya yanke hukunci: akuya za ta ci zanar rumfarsa. Na daka tsalle har ɗankwalina ya faɗi!

Sai da na girma na lura a rana tsohon ya ƙarasa bazarar nan.