Lomar Ranar Gayya

Su biyu ne a gidan, wani manomin Kafur da 'yarsa mai shekara goma sha biyu. Rumbunsu cike yake da masara. Abin da suka rasa shi ne cin abinci cikin kwanciyar hankali.

Tun da aka yi masa tiyata saboda ƙwannafi zafin ƙirji ya tafi, amma babbar loma ta daina wuce masa.

Ranar gayya yarinyar ta kai tuwo gona. Maza suka kewaye kwano, baban nata kuwa yana gutsura kaɗan-kaɗan.

"Malam, ko a dama maka kunun yaye ne?" in ji maƙwabcinsa. Aka fashe da dariya.

Manomin ya danna ƙatuwar loma, ta tsaya masa. Ya shuri kwanon, miya ta ƙone hannun yarinyar, ya kwaɗa mata mari.

"Wannan tuwo ne ko dutse?"

Ta ruga cikin masara tana kuka. Ba a jima ba ta hango shi durƙushe, ya ɓuya, yana naushin ƙirjinsa da ƙarfin da ya fi na marin, idanunsa jajir.

Nan ta gane ba tuwonta ne ya yi tauri ba. Babanta ne ya kasa ci kamar sauran maza.