Rigar da Ba Ta Kai Tasha Ba

Tun da Auta ta yi aure ta bi mijinta gari mai nisa, tela bai sake sa ta a ido ba. Ta haihu ma, sai a waya ya ga jaririyar. Yakan tsayar da keken ɗinki ya ƙura wa hoton ido har zare ya kuɓuce masa, don kewar yarinyar nan ta riga ta zauna masa a ƙirji.

Wata rana suna hira ta bidiyo, Auta ta yi dariya ta ce, "Baba, wannan tumbin fa? Ina jikarka za ta samu wurin zama a cinyarka?"

Wasa take yi, amma tela ya riƙe maganar. Ya ci karo da wani mai surutu a waya, wanda ya ce a bar shinkafa da burodi da dankali, a yini ba a ci komai ba, sai da yamma a ci nama da ƙwai da mai. Tela bai tambayi kowa ba, ya rungumi tsarin hannu bibbiyu.

Tumbi kam ya fara sauka, har ya rage wa wandonsa ƙugu da kansa yana murmushi. Sai dai wani abu ya biyo baya. Da zarar ya ci abincin yamman nan, jikinsa sai ya mutu murus. Idanu su yi nauyi, kai ya yi dum, barci ya danne shi kamar an ɗora masa buhu. Sau ɗaya ma ya farka ya tarar ya yanke hannun rigar wani a karkace.

"Baban Auta, wannan barcin naka ba na lafiya ba ne," in ji matarsa. "Ka je asibiti a duba ka."

"Jiki ne yake sabawa. Mutumin ya ce haka ake yi da farko."

"Mutumin ya san ka ne? Ya taɓa auna jininka?"

Tela ya yi kunnen uwar shegu.

Ana nan sai ga albishir. An mayar da mijin Auta aiki wata ƙasa, kuma motar da za ta kai su za ta ratsa ta garin su tela, ta ɗan tsaya a tasha da yamma fasinjoji su sha ruwa. Ɗan tsayawar nan ita ce kaɗai damar ganinsu, don babu wanda ya san ranar dawowarsu.

Murna ta hana tela zama. Ya zaɓi yadi mai laushi ruwan hoda, ya fara ɗinka wa jikarsa 'yar riga, yana auna ta da ido daga hoto.

Ranar da za su wuce, matarsa ta kawo masa shayi da burodi da safe. "Yau dai ka karya dokar nan, ka ci da wuri."

"Lokaci bai yi ba. So nake ta gan ni ta kasa gane ni."

Da rana ta karkata, ta biyo ta shago da jakar tsaraba. Saura maɓallai ya sa wa rigar.

"Ki yi gaba, ina bayanki."

Bayan ta fita, ya miƙe sai ya ji jiri na ɗibarsa. Ya duba agogo, lokacin cin abincinsa ya yi. Ya ce a ransa gara ya ci, kada ya je ya faɗi a gaban surukinsa. Ya tura ƙofa, ya buɗe kwanon abincinsa, ya cinye tas da yunwar yini guda. Sannan ya ɗauki allura, ya ce bari ya ɗan jingina kansa da keke kafin ya sa maɓalli na ƙarshe.

Wayarsa ta yi ta kuka a ƙarƙashin tarin yadi. Bai ji ba.

Da ya farka, inuwa ta cika shagon. Ya fizgi rigar ya fita a guje, takalmi ƙafa ɗaya a hannu. A tasha ya tarar da matarsa zaune a kan benci ita kaɗai, idanunta sun yi ja.

"Sun tafi," ta ce. "Auta ta roƙi direba ya jira ka har fasinjoji suka fara masifa. Idonta na kan ƙofa har motar ta fita. Ta ce in gaya maka ko da tumbin ma tana son ganinka."

Tela ya zauna a ƙasa.

"Yarinyar fa? Da wa take kama?"

"Da kai. Har goshin."

Ya buɗe 'yar rigar a kan gwiwarsa, allura na maƙale a wuyanta. Ya san kafin su dawo, ko hannun yarinyar ba zai shiga ba.

Mai karatu, idan ka sauya tsarin cin abinci jikinka ya fara kawo maka ƙara, kada ka ce zai saba. Je ka ga likita, don mai magana a waya bai san jikinka ba, kuma ba zai dawo maka da abin da ya wuce kana barci ba.