Famfon da Ke Juyawa Hagu

Kai da ka rubuta manhaja ka bar mata ƙofa, wai kowa ya kawo ɗan guntun aikinsa a fayil ta loda shi tana cikin gudu, kuma duk binciken da take yi wa baƙon shi ne ta ga sunansa ya dace da wanda take nema, ajiye wayar nan ka ji. Abin da ka loda ba maƙwabci ba ne, cikin cikinta yake zama. In ya faɗi, tare za su faɗi.

Wani manomin rani ne a fadama, inji ɗaya gare shi tak, amma ya san kan abinsa. Da kaka ya ɗaura masa kan casar shinkafa, ranar kasuwa kan niƙa, da rani famfon ban ruwa. Noti huɗu ne, ka kwance wannan ka ɗaura wancan, sandar injin ta juya duk wanda aka ba ta. Ana nan, albasarsa ta fara ƙwai, famfon ya tsage. Kwana uku fangali bai ga ruwa ba, ganye ya soma kwantawa. Rana ta huɗu ya ci karo da wani famfo a wurin 'yan gwangwan. Launi ɗaya da nasa, suna ɗaya a jiki, ramukan noti huɗu cif. Ya saɓo shi a babur yana murna, baki har kunne. Bakaniken garin ya tare shi a hanya ya ce, “Malam, bari in duba ta ina yake juyawa, ko shayi ba za ka gama sha ba.” Manomin ya ce, “Rami huɗu, noti huɗu, sai ka karanta masa Yasin? Albasa na mutuwa kana min fiƙihu!” Ya ba babur wuta.

Famfo ya zauna daram, kamar don injin aka ƙera shi. Ashe na wani zubi ne, wanda ke juyawa hagu, injin kuwa dama ya sani. Yana tayarwa farfelar ciki ta warware daga mazauninta ta cije, injin ya yi wata ƙara irin ta raƙumin da aka ɗora wa kaya fiye da kima, sandar ta karye gida biyu. To sanda ɗaya ce ta kowa. Famfo bai ba da ko ɗigo ba, ga kan niƙa da kan casa lafiyarsu lau a jingine, babu mai juya su. Kafin a samo wata sandar daga birni an yi kwana tara, albasa ta zama karmami, awaki ma sai da suka yi shawara kafin su ci.

Tambaya ɗaya ce bai yi wa baƙon ƙarfen nan ba kafin ya haɗa shi da abin da ke ciyar da gidansa. Hausawa kuwa sun riga sun faɗa: kama da wane ba wane ba ne.