Mai Ɗinkin Hula a Gasar Fatsa

Tunda ka ce ka gaji da jira, bari in ba ka misalin wani mai ɗinkin hula. A garinsu akwai ƙungiyar masu kamun kifi da fatsa, su goma sha biyu, shi ne dattijon cikinsu. Duk shekara bayan kaka ƙungiyoyi shida na ƙauyukan da ke kewaye da wata madatsar ruwa sukan haɗu su yi gasa. Dokar ba ta da wuya: a jefa ƙuri'a kowa ya san inda zai zauna a bakin ruwa, a busa usur da hantsi, a sake busawa da la'asar, sannan a ɗora kifin kowace ƙungiya a sikeli. Shekara uku a jere ƙungiyar garinsu ce ta zo ta ƙarshe, an kuwa riga an yanke cewa in ta sake zuwa ta ƙarshe karo na huɗu za a cire ta daga gasar, a ba wani gari gurbinta. Da aka jefa ƙuri'a a wannan shekarar, sai dattijon nan ya faɗa a wurin da kowa ke gudu, wani lungu mai taɓo da ciyawa, inda fatsa ke maƙalewa. 'Yan ƙungiyarsa suka sunkuyar da kai. Shi kuwa ya shimfiɗa buhunsa ya zauna, ya kwaɓa dusa da garin ƙuli-ƙuli, ya dinga mulmulawa kamar ƙwallon fura yana jefawa wuri ɗaya, daidai gindin wani busasshen itace da ya fito daga ruwa. Na dama da shi ya ciro karfasa, na hagu ya ciro biyu, can gaba ana ta ihu. Har rana ta take tsaka ba abin da ya taɓa fatsarsa. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce masa, "Baba, kamawa aka ce a zo a yi, kai kuma ka zo ciyarwa." Aka yi dariya. Shugaban ƙungiyarsu ya zo ya raɗa masa cewa ya jefa can tsakiya ko 'yan ƙanana ya samu, don a fita kunya. Dattijon ya ce, "Malam, na ga kumfa tana tashi a gindin itacen nan. Ƙaramin kifi ba ya tayar da irinta." Ya sake mulmula dusa ya jefa.

Bayan azahar, inuwa ta fara tsawo, sai ɗan karan da ke shawagi a kan zarensa ya nutse sannu a hankali, bai dawo ba. Ya ɗaga gorar fatsarsa, ta lanƙwashe har bakinta ya kusa taɓa ruwa. Zaren siriri ne, na kama karfasa, abin da ke ƙasa kuwa ya fi ƙarfinsa nesa. Mutane suka bar nasu wuraren suka taru a bayansa, kowa na cewa ya fizgo kafin lokaci ya ƙure. To mutumin da ya yi shekara talatin yana jan zare a kan hula ya san iyakar abin da zare ke ɗauka. Kifin ya ja, ya sakar masa. Kifin ya tsaya, dattijon ya naɗo zaren kamu ɗaya. Kifin ya nufi saiwar itacen, inda da ya shiga shi ke nan, dattijon ya kwantar da gorar gefe ya karkato da shi a hankali. Sau huɗu kifin yana zuwa kusa da gaɓa yana komawa. Zaren ya yanka masa yatsa, jini ya gangaro har gwiwar hannu, ƙafafunsa suka nutse cikin taɓo zuwa ƙwauri. Alƙalin gasa ya zo ya tsaya a kansa da usur a baki yana duban agogo. A komawa ta biyar kifin bai yi nisa ba, ya juyo da farin cikinsa sama, ya gaji. Dattijon ya zura ragar kwasar kifi a ƙarƙashinsa, shi da shugaban ƙungiyar suka cicciɓo shi tare zuwa tudu, ƙaton ragon ruwa mai tsawon hannun babban mutum. Dattijon bai gama mayar da numfashi ba aka busa usur. Da aka ɗora a sikeli, wannan kifi ɗaya ya rinjayi duk abin da ƙungiyar da ke kan gaba ta tara tun hantsi, da aka haɗa da na 'yan uwansa kuwa babu ƙungiyar da ta ko kusanto su. Mutanen garin da suka zo da shirin a sallame su, su suka koma da kofi a gaban mota, ana kiɗa har ƙofar gari. Wanda ya yi masa ba'a da rana shi ya ɗauko masa buhunsa da takalmansa, ya durƙusa ya ce, "Baba, a yafe mini." Dattijon ya yi murmushi, ya ɗaure yatsansa da tsumma, ya ce a kai kifin gidan mai unguwa a dafa, kowa ya ɗanɗana.

Abin da ya sa Hausawa ke cewa, mai haƙuri yakan dafa dutse, har ya sha romonsa.